Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Fita Yawon Buɗe Ido Tsakanin Kano, Daura da Katsina

Akwai mutumin da aka haifa a Gwammaja, ya girma a Gwammaja, kullum yana hango Dutsen Dala daga ƙofar gidansu, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka samansa ba. Ya je Umara sau biyu, ya san lungunan kasuwar Dubai kamar yunwar cikinsa, amma idan ɗansa ya tambaye shi wane ne Barbushe sai ya ce ya tambayi malaminsu. Irinsa suna da yawa a cikinmu, kuma ba a Kano kaɗai ba. Idan an ba da hutun Sallah ko na makaranta, abin da muka saba shi ne a kwashi yara a kai su gidan zoo ko wani babban kanti, a sha askirim, a ɗauki hoto, a dawo gida. Babu laifi a cikin haka. Sai dai akwai wata tafiya da ba ta bukatar biza ko kuɗin jirgi, wadda mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya yi da iyalinsa, kuma ita nake son mu tattauna a kai.

Kano da Daura da Katsina sun zauna ne kamar duwatsun murhu. Daga Kano zuwa Daura ta hanyar Kazaure tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba. Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne, sannan daga Katsina a dawo Kano kimanin 170. Kwana huɗu ko biyar sun ishi mutum ya zagaye su ba tare da ya wahalar da kansa ba, kuma ta kowane gari ya fara daidai ne.

Tun farko gara ku san irin abin da za ku tarar, don kada ranku ya ɓaci. Yawancin wuraren nan ginin ƙasa ne, da dutse, da rijiya. Wanda ya je ba labari a kansa zai tsaya minti biyar ya ce, "Au, dama shi ke nan?" Daɗin wurin yana cikin labarinsa, labarin kuwa yana bakin mutane. Saboda haka duk inda kuka je ku nemi mai kula da wurin ko wani dattijon unguwa, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku roƙe shi ya zagaya da ku. Da ɗan gari akan ci gari.

A Kano, ku fara da Dala, kuma ku fara da sassafe, bayan sallar asuba da kaɗan. An yi wa dutsen matakala ta siminti, yaro ma zai iya hawa, ko da yake mai ƙiba zai tsaya ya huta sau ɗaya ko biyu yana riƙe da ƙugu. Da kun kai sama iska za ta fara kaɗa muku riga. Ga rufin kwano ya shimfiɗu iya ganinku, sabo da mai tsatsa, ga hasumiyoyin masallatai sun tsattsaya a tsakani, ga Goron Dutse can gefe yana kallonku, ga shirwa tana shawagi a ƙasa da inda kuke tsaye. Hayaniyar garin tana tasowa a hankali, kukan zakara, ƙarar a-daidaita-sahu, muryar almajirai. A nan ne, in ji Tarihin Kano, Barbushe ya zauna yana jagorantar bautar Tsumburbura, kafin Bagauda ya kafa sarauta a wajen shekarar 999, kuma tun kafin Wangarawa su iso daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Masu tonon tarihi sun samu burbushin narkar da tama a gindin dutsen da ya kai tun wajen ƙarni na 7, wato maƙera sun riga sarakuna zama a nan. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, shi ma ya hau Dala a 1851 ya zana hoton birnin daga sama. Abin takaici dai shi ne yadda gidaje suka matse dutsen, zaizayar ruwa tana cinsa, ga leda da ƙazanta a wasu kusurwoyi. Ku sa takalmi mai rufi, kuma kada ku bar yara su matsa gefe.

Daga saman nan za ku so ku hango ganuwa, sai ku ga ba ta ganuwa sai a wurare ƙalilan. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Yau ruwan sama ya narkar da wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun kwashe wani, shaguna da gidaje sun hau kan wani. Ƙofofin ne suka fi tsira, su ma yawanci an rushe an sake su da siminti don mota ta samu hanya: Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa, Ɗan Agundi, Gadon Ƙaya, Kabuga, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai da sauransu. Idan kuna da mota, ku bi titin da ya tashi daga Ɗan Agundi ya nufi Kabuga, ku nuna wa yara ragowar tudun jar ƙasar nan da ke gefen hanya, ku gaya musu ita ce ta tsare birnin ɗaruruwan shekaru, har ranar da sojojin Ingila suka zo da igwa a watan Fabrairu na 1903.

Sunan da za ku yi ta ji a cikin birni shi ne na Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da sarakunan Kano ke zaune a ciki har gobe, shi ya sa ake ce mata Gidan Rumfa. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Gidan Makama da ke daura da fada, wanda yanzu gidan tarihi ne, shi ma da sunansa ake danganta shi. Ku shiga Gidan Makama ko da don ginin kaɗai. Ku ɗaga kai ku dubi yadda magina suka lanƙwasa azara suka yi bakan gizo da ƙasa, ku kuma lura da sanyin da ke cikin soron alhali waje rana na ƙuna. A ciki akwai sulke da lifidi da tsofaffin makamai, da hotunan Kano ta zamanin Turawa, da ɗakin amarya irin na da da jerensa. Kuɗin shiga ba shi da yawa.

Kurmi kuwa ba a shigarta da gaggawa. Lungunanta matsattsu ne, mutum biyu da ƙyar suke giftawa, kuma kowane layi da sana'arsa: 'yan sirdi da linzami da kayan adon doki, dukawa da jakunkuna da takalman fata, masu tasbaha da alluna da littattafai, masu ƙwarya da faifai, masu turare da kayan ƙamshi. Fatar akuya da aka jeme a nan ita ce ayarin raƙuma ke ketare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Kusa da kasuwar akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi Larabawan Gadamas da Tarabulus ne da suka zauna suna fatauci, domin a da su ake kira da wannan suna kafin Nasara su zo su gaje shi. A Kurmi ana ciniki, kada ku biya kuɗin farko da aka faɗa, amma kuma kada ku yi wa mai sana'ar hannu tayin wulaƙanci.

Inda nake so ku daɗe shi ne marinar Ƙofar Mata. Marinan wurin suna cewa an kafa ta a 1498. Fili ne mai cike da ramuka zagayayyu, kowanne ana ce masa karofi, zurfinsa ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. Ana zuba ruwa da toka da baba da katsi, a rufe a bar shi kwanaki yana ruɓa har ya nuna, kumfa mai shuɗi-shuɗi ta taru a sama, wari ya tashi wanda baƙo zai toshe hanci amma marini bai ma san yana yi ba. Ku tsaya ku kalli marini zaune a bakin karofinsa, hannayensa sun rine har gwiwar hannu. Zai tsoma farin ƙyalle ya ɗan jujjuya ya ɗago. Abin mamakin a nan yake: ƙyallen zai fito da launin kore-kore, sai iska ta buge shi, a kan idonku ya juye ya zama shuɗi. Iskar ce ke kama launin, shi ya sa ake tsomawa a ɗago, a tsoma a ɗago, gwargwadon duhun da ake so, wani har na tsawon sa'o'i. Zanen da kuke gani a jikin yadin, mai kama da rana ko taurari, mata ne ke ɗaure shi da zare a gida kafin a kawo marina, in an kwance sai wurin ɗaurin ya fito fari. A gefe kuma akwai masu bugu, suna zaune a jere suna dukan tufa da manyan sanduna a kan gungume har ta yi sheƙi, sautin yana tafiya tare kamar kiɗa. Irin wannan aiki ne ya fitar da sunan Kano da garin Kura har cikin Abzin, inda Buzaye ke naɗa rawanin da ke rina musu fuska. Yau karofi fiye da 100 ne a filin, amma kaɗan ne ke aiki, saura sun bushe ko shara ta cike su, saboda yadin waje mai araha da rinin kanti sun kashe kasuwar. Idan kun je, kada ku tsaya ga hoto kawai. Ku sayi ko ɗankwali ɗaya ne.

In lokaci ya rage, ku leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan ƙasa mai kyan zane inda Hanns Vischer ya zauna. Shi ne ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano a 1909, Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa saboda yadda harshen ya zauna a bakinsa.

Wanda tafiyarsa ta dace da Sallah, ya yi ƙoƙari ya ga Hawan Daushe, washegarin Sallah da yamma, lokacin da Sarki ke zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki sannan ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi masa jahi. Washegari kuma Hawan Nassarawa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan, wani lokaci saboda annoba, wani lokaci saboda tsaro da rikicin sarauta, don haka ku tabbatar za a yi kafin ku kama ɗaki. Katsina da Daura su ma suna hawa, kuma cunkoson bai kai na Kano ba.

Daura gari ne ƙarami mai natsuwa, wuni ɗaya ya ishe ku. Abin da ke kai kowa can shi ne rijiyar Kusugu. An gina mata ɗaki an kewaye ta, akwai masu kula da ita, kuma za su ba ku guga ku ja ruwa da hannunku, ku sha in kuna so. Mutanen gari suna cewa ba ta taɓa ƙafewa ba. Labarin kun san shi tun firamare, amma jinsa a bakin rijiyar daban ne. Bayajidda ya taso daga Bagadaza ya sauka Borno, ya auri 'yar sarki, ya gudu da aka ƙulla masa makirci, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa takobi, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ai ba a ɗiba sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiyar, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, gari ya waye Magajiya Daurama ta sa a nemo wanda ya yi wannan aiki, daga ƙarshe ta aure shi. Ɗansu Bawo ya haifi 'ya'ya shida da suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram ta ɗan matar farko, suka zama Hausa Bakwai.

Masana tarihi da yawa ba su ɗauki wannan a matsayin abin da ya faru daki-daki ba, kuma suna da hujja, tunda da Bayajidda ya zo ai ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da masu jin Hausa. Sun fi ganinsa a matsayin labarin da ke bayyana yadda mulki ya tashi daga hannun mata ya koma hannun maza, da yadda masarautun suka ɗauki junansu 'yan'uwa. Ni dai a ganina babu amfanin yin gardama da mai gadin rijiya. Ku saurara da ladabi, in kun koma mota ku tattauna da yaranku. Ku kuma tambaya a karanta muku sunayen sarauniyoyin da suka riga Daurama, tun daga Kufuru, domin 'yan matanku su ji. Wani abin lura game da Daura: bayan jihadi masu sarautar Haɓe sun bar garin sun koma wajen Zango da Ɓaure, sai a 1906 Turawa suka dawo da zuriyarsu kan gadon sarauta ta hanyar naɗa Malam Musa, ita ce kuma ke mulki har yau, saɓanin Kano da Katsina. Idan kuna son ganin Daura cikin ado, ku je lokacin Sallar Gani a watan Maulidi.

Katsina kuma garin malamai ne, kuma abubuwan kallonta sun nuna haka. Hasumiyar Gobarau tana tsakiyar birni, ginin ƙasa mai tsayin kimanin mita 15, wadda ake danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ƙarnin da Shehu Almagili ya ziyarci Katsina da Kano. Ragowar babban masallaci ce da ya kasance makaranta, an kuma yi amfani da ita wajen hango mahara. Matakalarta ƙunci gare ta, sai ɗaya bayan ɗaya, kuma mai tsoron tsayi gara ya tsaya a ƙasa ya riƙe wa mutane takalma. Daga nan ku wuce ƙofar fada, Gidan Korau, inda ake ajiye da takobin nan mai suna Gajere. A cikin gari akwai ƙaburburan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17, ga mai son ziyara da addu'a.

Kada ku bar Katsina ba ku shiga tsohuwar Kwalejin Katsina ba, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, yanzu kuma gidan tarihi ce. Azuzuwan ƙasa ne ƙanana, ba abin da zai burge ɗan makarantar kuɗi na yau. To amma a cikinsu Ahmadu Bello Sardauna ya yi karatu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim, da Abubakar Imam. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu. Ku bar yaro ya tsaya a tsakiyar ajin ya duba da kyau, ba sai kun yi masa wa'azi ba. Mai sha'awar abin da ya fi haka tsufa ya tambayi hanyar Durɓi ta Kusheyi a yankin Mani, inda manyan kusheyin sarakunan farko suke, waɗanda aka tona a 1907 aka kuma sake tonawa a 1992.

Mai fasfo da ƙarin kwana biyu yana iya ɗorawa daga Daura ta Kongolam zuwa Damagaram, ya ga Birni da Zango da fadar Sultan da manyan duwatsun da gidaje suka raɓa, a garin da ya kasance hedikwatar Nijar har 1926 kafin a mayar da ita Yamai. Sai dai tun juyin mulkin Yuli 2023 al'amarin iyaka yake canzawa, saboda haka ku bincika halin da ake ciki, ku tanadi takardunku da katin rigakafi da 'yan sefa a aljihu.

Saura maganar lokaci da hanya. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi daɗin yawo, ko da yake hazon hunturu kan rufe gari har a kasa hango nesa daga Dala. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, azaba ce ga yara da tsofaffi, in ta kama dole to a fita da safe a dawo kafin azahar. Damina tana da kyan gani a hanya, gero da dawa kore shar, amma lungunan cikin birni sukan caɓe. Batun tsaro kuwa ba abin ɓoyewa ba ne. Wasu ƙananan hukumomin yamma da kudancin Jihar Katsina sun sha fama da 'yan bindiga. Ku tsaya kan manyan hanyoyin da suka haɗa garuruwan nan uku, ku yi tafiya da rana, ku isa masauki kafin magariba, kuma kafin ku tashi ku tambayi direbobin tasha, don sun fi kowa sanin halin hanya a wannan makon.

Ku riƙe kuɗi a hannu, ƙananan takardu, domin ba ko'ina ake karɓar tiransifa ba, kuma wanda ya bar aikinsa ya zagaya da ku ya cancanci ihsani. Kada ku ɗauki hoton mutum ba ku nemi izini ba, musamman mata da masu sana'a. A fada ana bin umarnin dogarai, inda suka ce a cire takalmi a cire, inda suka ce nan ne iyaka a tsaya. Ranar Juma'a da rana tsakiyar birni cike yake, ku tsara zuwa gidajen tarihi a wata rana. Ku ɗauki ruwan sha da yawa, abinci kuwa ba za ku rasa ba, ga gurasa bandashe a Jakara, ga kilishin Agadasawa na guzuri, ga fura da nono a duk inda kuka tsaya a hanyar Daura.

Idan kwana biyar ba za su samu a wannan hutun ba, kada ku jira sai sun samu. Ku fara da na garinku. Bakano ya tashi yaransa ranar Asabar da asuba ya kai su Dala, Bakatsine ya kai nasa Gobarau, kuma in akwai kaka ko kakan da ƙafarsa ke iya tafiya, a tafi da shi.